Laƙabin Shekarar Mura

A Tungar Giginya, ƙaramar komin, wato ƙaramar hukuma, da ke kan hanyar da ta tashi daga Gaya ta nufi Kamba, ba a barin wani abu ya faru ya wuce sai an rataya shi a wuyan wani. Wanda aka haifa shekarar da kogi ya cinye shinkafa, har ya yi furfura Ɗanruwa ake ce masa. Akwai wata tsohuwa da ake kira Tafara, don fara ta sauka a gonaki ranar sunanta, kuma ko jikokinta ba su san sunanta na yanka ba. Ba da mugunta mutanen garin suke yi ba. Haka suke riƙe tarihinsu, tunda ba kowa ke da kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, ba.

Hashimu yana da kaye da bik. Shi ne sakataren meri, ofishin magajin gari. Shekara goma sha huɗu yana zaune a ƙarshen tebur yana rubuta abin da magajin gari da konseye, wakilan unguwanni, suka faɗa, ya buga hatimi, ya aika Gaya. Mutum ne mai shiru, mai tafiya kai a ƙasa kamar ya yar da wani abu. Abu ɗaya yake taƙama da shi a ransa: bai taɓa rubuta abin da ba a faɗa ba.

Sai da suka shekara goma sha ɗaya da aure, shi da matarsa Ikilima, sannan Allah ya ba su haihuwa. Mace aka samu, a ƙarshen damina, gero ya fara nuna.

Saura kwana biyu suna, wansa Zakari, direban babbar mota, ya dawo daga tafiya ta hanyar Malanbil, jikinsa rau da zazzaɓi, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Hashimu ya ɗauke shi a moto, wato babur, ya kai shi gidan likita. Majo Seyni, babban ma'aikacin wurin, ya duba shi, sannan ya ja Hashimu gefe.

"Sakatare, wannan ba murar yayyafi ba ce. Irin wadda ake ta magana a kanta a Gaya ce, mai kwantar da gida guda cikin kwana uku. Ka sa shi ɗaki shi kaɗai. Sunan kuma, ka kira liman da mutum biyar, a raɗa, a yanka rago. Taron a bari sai an ga hali."

Hashimu ya ce, "Majo, shekara goma sha ɗaya ina cin sunan mutane. Yau nawa ya zo, sai in ce kada su zo?"

"Ni dai na faɗa maka."

Aka yi suna, gari ya zo. Zakari ya ƙi kwanciya. Ya ce shi ne babba a gidan, ba zai bari a ce an yi sunan ƴar ƙanensa yana ɗaki kamar amarya ba. Shi ya tsaya a ƙofa yana karɓar hannu, shi ya raba goro, yana atishawa a hannun rigarsa yana cewa alhamdulillahi. Moɗa ɗaya ce a kan randar zaure, kowa ya sha da ita. Liman ya faɗi sunan, Nafisa. Hashimu ya ji shi, ya sunkuyar da kai, don uba da uwa ba su kiran sunan ɗan fari. Sai dai su jira matan unguwa su samo wa yaro laƙabi, su ma su bi.

Wadda ta dama kunun sunan ita ce Inna Zalika, ƙawar marigayiya Habiba, mahaifiyar Hashimu. Shekara talatin tana sayar da kunun tsamiya a gindin dogon yaron da ke ƙofar meri. Ita ta yi wa Hashimu wankan farko ranar da aka haife shi, kuma ba ta gajiya da tuna masa da haka a gaban mutane.

Kwana uku bayan suna, ciwo ya buɗe. Gida-gida ake kwance. Liman ya kasa fita sallar asuba, aka rasa mai jan baki a lakwal, makarantar boko, mata suna daka suna tari. Kafin mako ya zagayo tsofaffi biyu suka rasu. Saƙo ya zo daga Gaya cewa kowace komin ta aiko da matakan da ta ɗauka kafin Juma'a.

Ranar Laraba da hantsi aka zauna a meri. Cikin konseye goma sha ɗaya, shida ne suka iya zuwa, kowa da ƙyalle a hanci. Majo Seyni shi ma ciwon ya kayar da shi, sai ya aiko da kayensa na marasa lafiya.

Isufu, wakilin ƴan kasuwa, bai jira a buɗe taro ba. Ya ce, "Kome za a yi, kasuwa dai kada a taɓa ta. Rake ya fara fitowa. In aka rufe, mutanen Bana da Bengu suka saba da wata kasuwar, sai mu yi ta kiransu ba su zo ba."

Magajin gari, Alhaji Mahamadu, ya ɗaga hannu, muryarsa a dishe. "Ba wanda ya ce kasuwa. Amma sai mun nuna mun san inda abin ya fito, mun toshe shi. Sakatare, karanta mana abin da Majo ya aiko."

Hashimu ya buɗe kayen. Majo ya raba shafin gida uku: sunan mara lafiya, ranar da ya kwanta, da taron da ya shiga kafin ya kwanta. Mutum goma sha tara ne na farko. A gaban goma sha shida daga cikinsu, a gida na uku, magana ɗaya Majo ya yi ta maimaitawa da ƙananan haruffansa: sunan gidan Sakatare.

A take Hashimu ya hango matan unguwa a bakin famfo, ya ji laƙabin da za su fara kiran jaririyar da shi da tausayi, daga baya su faɗa ba tare da sun tuna dalili ba. Tamura. Ya hango yarinyar a lakwal ana kiranta haka, ya hango ta amarya, ya hango ta tsohuwa, jikokinta ba su san Nafisa ba. Shi kuma ba shi da bakin da zai gyara, don ba ya kiran sunanta.

Ya karanta gida na farko. Ya karanta na biyu. Ya rufe kayen.

Isufu ya yi ta ƙirga sunayen da yatsu. "Ku duba da kyau. Liman, Alhaji kai kanka, ni, mai gadi, direban meri. Duk mutanen ƙofar nan ne. Me ya haɗa mu?"

Wani daga baya ya ce, "Kunun Zalika."

"Yawwa! Ludayi uku gare ta tun ina saurayi, kowa da bakinsa a ciki. Ita ma shekaranjiya na ji ta tana tari kamar tsohuwar mota a hawa."

Aka yi ƴar dariya, dariyar ta koma tari. Duk mutanen da ke ɗakin sun ci ragon sunan nan, kuma zai yi wuya a ce babu wanda ya tuna Zakari a ƙofa. Amma ba wanda ya dubi Hashimu. Sun ci abincinsa, ga shi zaune tare da su, Zalika kuwa ba ta ɗakin.

Aka yanke a rufe lakwal mako guda, a daina gaisawa da hannu, a sa buta da sabulu a ƙofar kowane masallaci. Aka kuma yanke a hana sayar da kunu a ƙofar meri. Magajin gari ya ce a sa sunanta a shela, don kada mutane su bi ta gida su saya. Hashimu ya rubuta da Faransanci saboda Gaya, ya sake rubutawa da Hausa saboda gari. Bai tsaya ko sau ɗaya ba. Wannan shi ya fi damunsa daga baya.

Ɗanladi sankira, mai shelar gari, ba ya karatu. Al'adarsa a karanta masa sau uku, ya riƙe, ya rataya gangarsa ya fita. Da Hashimu ya kai ga sunan, Ɗanladi ya ɗago ido.

"Zalika kuma? An tabbata?"

"Haka aka yanke."

"Ban tambaye ka abin da aka yanke ba, Sakatare."

"Haka aka yanke, Ɗanladi."

Sankira ya gyara igiyar ganga, ya fita. Daga cikin biro, ofishinsa, Hashimu ya ji ganga ta tashi a ƙofar meri, ya ji kalmominsa suna fita daga bakin wani, da ƙarfi, ba gyara. Ya gaya wa kansa cewa bai yi ƙarya ba. An ce ya karanta, ya karanta. An faɗa, ya rubuta. Ya yi ta juya wannan magana yana neman inda ta huje, bai samu ba, amma da aka kawo masa abincin rana ya kasa haɗiye shi.

Kafin Juma'a, Zalika Mai Kunu ta zama Zalika Mai Mura. Duwatsun murhunta uku suka rage a gindin dogon yaro, da baƙin toka a tsakaninsu. Kullum da safe Hashimu sai ya kewaye su ya shiga ta ƙofar baya.

Majo Seyni ya samu sauƙi ya zo karɓar kayensa, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya tsaya a gaban tebur.

"Ka karanta musu?"

"Na karanta."

"Duka?"

Hashimu ya dubi hatimin da ke gabansa.

Majo ya sa kayen a hammata. "Ni baƙo ne a garin nan, Sakatare. In na buɗe baki, za a ce Majo yana faɗa da meri, gobe in na ce a kawo yara rigakafi ba mai kawowa. Aikina in rubuta in ba ku. Na rubuta na bayar." Ya kai ƙofa ya juyo. "Zalika ita ce ta goma sha bakwai a ciki. Ka gani ai."

Ya gani.

Ranar Lahadi tsoho Yakuba manomin shinkafa ya rasu, shi ne na uku. Ranar suna a kusa da Zakari ya zauna, suna hirar hanya. Hashimu ya je ta'aziyya. Yana zaune a tabarmar maza a waje, sai ga Inna Zalika ta taho a hankali, ta sha ciwo, da ƙwaryar gero a kai ta sadaka. Matan da ke bakin zaure suka ja mayafansu suka rufe hanci. Samira, babbar ƴar mamacin, ta fito ta tare ƙofa.

"Inna, ki yi gaisuwarki daga nan. Abin da kika ba mu ya isa."

Zalika ta tsaya. Ta ce, "Allah ya jiƙan Yakuba. Tare muka yi wasan ƙasa." Ta sauke ƙwaryar ta ajiye a jikin bango, ta juya. Ba wanda ya taɓa ƙwaryar. Wata akuya ta zo ta sa baki a ciki, ba a kore ta ba. Da Zalika ta zo wucewa ta gaban tabarmar maza, ta dubi Hashimu, ta ce, "Ɗan Habiba, ya mai jego?"

Ya ce, "Lafiya lau, Inna."

Da ya koma gida ya tarar da Ikilima a inuwar rumfa, ta gama wankan jego na la'asar, jaririya a cinyarta. Ya zauna a bakin turmi ya gaya mata duka, da kayen, da gida na uku, da ƙwaryar gero. Ta shafa kan yarinyar.

Ta ce, "Ka san abin da za su kira ta."

"Na sani."

"Ni ba zan iya kiran sunanta ba, Malam, kai ma haka. Abin da mata suka sa mata, shi ne nata har kabari."

"Inna Zalika ce ta dama miki kunun kanwa kwana bakwai."

"Ban ce an yi mata daidai ba." Ikilima ta ɗago, idonta ya kawo ruwa. "Na ce ka san abin da za su kira ta. Ranar da Majo ya yi maka magana, da ka gaya mini, da ni da kaina na ce a bar taron. Ba ka gaya mini ba. Yanzu kuma ka zo kana gaya mini don in ce maka me?"

Ya lura ba ta ce ya yi ba, ba ta kuma ce kada ya yi ba, ya gane ta bar masa kayansa.

Washegari ya shiga wurin magajin gari ya buɗe masa maganar. Alhaji Mahamadu ya saurara yana murza carbi, bai nuna mamaki ba ko kaɗan.

"Sakatare, takarda ta tafi Gaya da hatimi, har an yaba mana. Ciwo ya fara lafawa. In wata ya mutu, ta dawo ta zauna a wurinta, wa zai hana ta?"

"Ranka ya daɗe, wa zai saya?"

"Mutane suna mantuwa."

"A garin nan?"

Alhaji ya ajiye carbin. "Ni ba zan sake rubuta wa Gaya in ce meri ta yi kure ba. Kai ka riƙe kayen, ba ni ba. In kana da magana da gari, ga Ɗanladi can. Amma ba da sunan meri ba."

Ya samu Ɗanladi a gindin giginya yana gyaran fatar ganga. Ya ce yana so a sake shela, a ce ba daga kunun Zalika ba ne. Sankira bai ɗago ba.

"Ni ban taɓa yin shela biyu masu karo da juna ba. Ubana ma bai yi ba. In yau na ce fari gobe na ce baƙi, ranar da zan ce gobara wa zai fito? Abin da muka gada shi ne, wanda ya ba mu magana ta zama ba daidai ba, shi zai biyo mu. Ni in buga, shi ya faɗa da bakinsa. Tasha bakwai, kamar yadda na yi waccan. Ranar kasuwa, ba ranar da gari ya tafi gona ba."

"Tasha bakwai."

"Ko ɗaya ba na ragewa. Zalika ma bakwai ta samu."

Kasuwar Tungar Giginya ranar Asabar take ci. Kwana biyar Hashimu yana zuwa biro yana komawa, yana rubuta abin da zai faɗa yana yagawa. Da Asabar ta zo ya sa tsohuwar rigarsa, ya bar takarda a gida.

Tashar farko rumfar masu kifi ce. Ɗanladi ya buga ganga har mutane suka taru, sannan ya ja baya ya harɗe hannu. Aka yi ta kallonsa ana jiran ya yi magana, sai ya nuna Hashimu da haɓa. Hashimu ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska.

Wata mai banda ta ce, "Ɗaga murya, Sakatare, ko kai ma murar ce?"

Aka kwashe da dariya. Cikin dariyar ya samu murya.

"Jama'a, shelar ranar Laraba ni na rubuta ta, kuma ba daidai ba ce. Ciwon nan ba daga kunun Inna Zalika ya fito ba. A gidana ya bazu, ranar da na tara ku. Majo ya hana ni taro, na ƙi ji. Ya rubuta gaskiya ya aiko meri, na karanta rabi na ɓoye rabi. Inna Zalika a gidana ta ɗauka, kamar yadda tsoho Yakuba ya ɗauka. In akwai wanda za ku sa wa sunan ciwon nan, ga ni tsaye."

Dariya ta mutu. Wani ya ce innalillahi. Wani ya tofar da yawu. Ɗanladi ya buga ganga sau ɗaya, ya wuce gaba, Hashimu ya bi shi.

Ya faɗa a wurin masu rake, ya faɗa a tashar moto, inda wasu ƴan kabu-kabu suka kashe injin don su ji da kyau. A wurin masu hatsi ya hango Samira tana awon gero, ta saki mudun, ta tsaya tana kallonsa har ya gama. Ya so ta zage shi, ba ta zage shi ba. A tasha ta biyar, bakin famfo, bayan ya gama ya juya zai tafi, ya ji mata biyu a bayansa.

"Ashe a sunan jaririyar nan ne."

"Allah sarki, Tamura. Ita me ta sani?"

Da tausayi aka faɗa, daidai yadda ya hango. Ganga ta riga ta yi gaba. Ya yi ta shida a ƙofar masallacin Juma'a. Ta bakwai a ƙofar meri, kusa da duwatsun murhu uku, tagar magajin gari a rufe. Da ya gama Ɗanladi ya sauke ganga ya ce, "Shi ke nan, ka biya," ya tafi abinsa.

Daga nan gidan Inna Zalika ya nufa. Ya same ta a tsakar gida tana ɓare tsamiya a faifai. Labari ya riga shi zuwa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ba ta amsa gaisuwar ba.

"Wa ya aike ka?"

"Inna, ba kowa."

"Kana tsammani ban sani ba? Ni na miƙa wa Zakari kunu ranar nan, hannunsa kamar garwashi. Da Ɗanladi ya kira sunana na gane abin da ka yi, na kuma gane dalili. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na zage ka a raina, na zage ka har da Habiba da ke kabari, Allah ya yafe mini. Sannan na zauna na yi tunani. Ni shekara nawa ta rage mini? Biyar? In sun kira ni Mai Mura, da ni za a binne shi. Jaririyar fa, ko kwana arba'in ba ta yi ba."

"Inna, na ga abin da aka yi miki a gidan Yakuba. Na kasa ɗauka."

"To, abin ke nan. Kai ne ka kasa ɗauka. Ni na ɗauka."

Maganar ta shige shi fiye da dariyar masu kifi. Ya yi tasha bakwai yana jin cewa don ita yake yi, yanzu ya rasa yadda zai raba abin da ya yi don ita da abin da ya yi don ya samu ya haɗiye abinci. Ya kuma rasa wanda zai tambaya ko yana da ikon sauke wa tsohuwa kayan da ta yarda ta ɗauka, ya aza wa wadda ba a tambaya ba.

Zalika ta ci gaba da ɓarar tsamiya. Can ta share ido da gefen zane.

"Ban ce ka yi laifi yau ba. Laifin ranar Laraba ka yi shi, kuma tun kafin Laraba. Ni ma ba dutse ba ce. Na yi ta tunanin ranar da zan mutu, ko matan nan za su yarda su wanke ni ko za su tsaya a ƙofa su rufe hanci." Ta ture faifan. "Sun fara kiranta?"

"A bakin famfo."

"To tashi. Yanzu suna biyu ne a garin, wanda aka fi ji shi zai zauna. Je ka kira ƴarka da sunanta, da ƙarfi, a gaban mutane. Yau da gobe da jibi."

"Inna, ƴar fari ce."

"Ka tsaya gaban masu kifi ka faɗi abin da ya fi wannan. Kunyar da ta rage maka, ka kashe ta a kan yarinyar nan."

Ya isa gida rana ta karkata. Matan maƙwabta huɗu suna tsakar gida, sun zo wai gaida mai jego, amma kowa ya san labarin kasuwa ya kawo su. Yana sallama ya ji ɗaya tana cewa, "Miƙo mini Tamura in gani, baiwar Allah." Ikilima tana zaune, kanta a ƙasa.

Hashimu ya tsaya a tsakiyar gidan. Tunda aka haife shi bai taɓa jin wani namiji a danginsu ya yi abin da zai yi ba. Ya miƙa hannu biyu.

"Ba ni Nafisa."

Matan suka kama baki. Ɗaya ta ce, "La ilaha! Sakatare, a gabanmu?" Ikilima ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya karɓi yarinyar, ba nauyi, tana barci, ya ji kunnuwansa suna zafi kamar an kara musu wuta.

"Nafisa," ya sake faɗa, yadda za a ji a bayan katanga. "Sunanta Nafisa."

Ranar Litinin da safe hayaƙi ya tashi a gindin dogon yaro. Inna Zalika ta dawo da tukunyarta, da sababbin kofuna, da bokitin ruwan sabulu a gefe. An daɗe ba wanda ya matso. Sai Isufu ya zo, yana duban wani wuri dabam, ya ce a zuba masa. Bayansa mai gadi ya zo, sai direban meri.

Hashimu ya taho ta ƙofar gaba. Mutanen da ke shan kunu suka bi shi da ido. Zalika ta ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi.

"Ɗan Habiba! Ya Nafisa ta kwana?"

Duk suka juyo suna jiran su ji ko zai maimaita. Daga can bakin hanya wata mai tallar rake ta tambayi ƴar'uwarta wace ce Nafisa, aka ce mata ai Tamura ce ta gidan Sakatare. Hashimu ya ji. Ya dubi ƙasa, sannan ya ɗago.

"Nafisa ta kwana lafiya, Inna."

Ta cika kofi ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya sha a tsaye a gabansu.